Yadda Na Tura Gwaggo Shafi na Biyu

Akwai wata shekara da na zama abin gudu a fadarmu ta shan shayi a Dogon Dutsi. Ba faɗa nake yi da kowa ba, wa'azi nake yi, wa'azin kuma ba na addini ba. Na dawo daga wani ɗan horo na malaman makaranta a Yamai da Linuks a cikin kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin ordinatar, na rataya shi a wuya kamar laya. Duk wanda ya yi kuskuren cewa ordinatar ɗinsa na ba shi wahala, to ya jawo wa kansa, don ba zai sha kofi na biyu cikin kwanciyar hankali ba.

Abin da nake faɗa musu gaskiya ne, yawansa ne ya yi yawa. Ita ordinatar, wadda ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka ke ce wa kwamfuta, ƙarfe ce kawai sai an zuba mata tsarin da zai tafiyar da ita. Wanda muka saba da shi na kamfani ne, a rufe yake, ba ka san abin da ke cikinsa ba. Shi kuwa Linuks gayya aka yi aka gina shi, irin gayyar noma, mutane daga ƙasashe daban-daban kowa ya kawo hannunsa. Kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba, kuma birus, cutar na'urar nan da ke yawo a kile-kilen garinmu, ba sa kama shi. Na faɗi wannan har abokaina suka haddace, ina buɗe baki sai su ƙarasa mini.

Mutum ɗaya ne bai gaji da ni ba, malamin lissafi na kwalejin da nake koyarwa, don shi gardama abincinsa ce. Wata la'asar ya ajiye kofi ya ce, "Malam, abin nan naku na masu gilashin ido ne. Mutumin gari bai iya shi. Ka ba wanda bai san komi ba sai bugun takarda, in ya yi sati biyu bai biyo ka da sanda ba, ni zan dafa shayin fadar ga wata guda."

Dafa shayi a fadarmu aikin wanda ya fi kowa ƙanƙanta ne, shi kuwa malamin lissafi har furfura ta fara leƙo masa. Na hango shi tsugune yana fifita gawayi, raina ya yi fari tas. Na ce na yarda, in na faɗi ni zan dafa. A ranar ban ma yi dogon tunani ba, na riga na san wadda zan gwada abin a kanta.

Yayata ce, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha wani abu. Tana da ɗan shago kusa da tasha, ordinatar ɗaya, injin bugawa ɗaya, na fotokopi ɗaya. A kan tafireta ta ƙarfe ta koyi aiki, shi ya sa har yau take dukan maɓallai kamar sun yi mata laifi. Ba ta karanta abin da na'ura ke rubuto mata, hannunta ne ya san hanya. In aka matsar da wani abu daga inda ta saba ganinsa, sai a ji muryarta har bakin titi. In dai ita ta iya Linuks, kowa a Arewa zai iya.

Abin da ya yi mata suna shi ne katin gayyata na biki da na suna, wanda muke ce wa ferpar. Wanda ba ɗan nan ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. A wurinmu kati ba ya cewa wane zai auri wance kawai. Sai an jero gidaje, iyalan wane a Dutsi da Yamai, iyalan wane a Matankari, iyalan wane a Kore Mairuwa da Tibiri, dangin uba, dangin uwa, surukai, kowa a matsayinsa, kuma dole duka su shiga shafi guda. Ka sa ƙane a saman wa, ka jawo gaba ta shekara. Ka manta gida, ka yanke zumunci. Yaya ta san wa ya auri wa tun daga kakanni, har mai biki kan zo da jerinsa ta duba ta ce, "Ina gidan kawunka na Ɗan Kassari? Ko kun yi hwaɗa?" Abin alfaharinta a duniya shi ne ba ta taɓa mance gida ba.

A wannan shekarar kuma ɗiyarta ta fari za ta yi aure, kuma katin ya riga ya jawo zaman dangi har sau biyu. Angon matashin ɗan kasuwa ne, yaro mai ladabi, gidansu mutanen sunna ne masu tsanani. Mu kuma muna da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana zaune a Lugu, a gidan da kowa ya sani da sha'anin iskoki, ita kanta ta gaji iskar nan doguwa daga kakarta kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Wan ango ya nemi, cikin lallashi, a bar gidan nan daga cikin kati. Ina wurin a matsayin kawun amarya, na ga yadda Yaya ta gyara zaman hijabinta kafin ta yi magana.

"Alhaji, matar ga ita ta yi mini wankan aure. In babu gidanta babu kati, sai ku tahi rediyo ku yi shela."

Da ƙyar aka daidaita a kan a sa gidan Gwaggo a layin ƙarshe, can ƙasa. Yaya ba ta so ba, amma ta haƙura. Ta zauna ta tsara katin da wasu haruffa masu lanƙwasa da take ji da su, ta matse nan ta matse can har gidaje suka cika shafin maƙil, ko allura ba za ta shiga ba. Ta karanta shi ya fi sau goma, ta bar gurbin ranar biki, ta adana, ana jiran a gama girbi a tsayar da rana.

Duk wannan na sani. Ina faɗa ne don kada wani ya tausaya mini daga baya.

Dama ta samu da Yaya za ta tafi gaisuwar rasuwa Kore Mairuwa na kwana biyu. Ta miƙo mini makullin shago ta ce, "Auta, abin ga ya cika da birus, ko buɗewa bai son yi. Ka wanke mini shi." Na karɓa da hannu biyu, na ce ta tafi hankali kwance.

Na wanke shi kuwa, wankin da bai taɓa gani ba. Na kwashe takardunta kaf na ajiye gefe, na share tsohon tsari, na zuba Linuks, na mayar da takardun. Sannan na zauna aikin kwalliya. Hoton Ka'aba da ke fuskar na'urar na mayar da shi. Kowane ɗan hoton da take dannawa na ajiye shi daidai inda hannunta ya saba samunsa, na rubuta masa sunan da ta sani. Na gwada injin bugawa, sai ga takarda ta fito sumul ba tare da na roƙe shi ba. Na rufe shago ina tafiya ina dariya ni kaɗai, har mai tsire ya tambaye ni ko lafiya.

Da ta dawo ta kunna, ta ƙura wa abin ido, ni kuma ina bakin ƙofa ina shirin gudu.

"Mi ka yi mishi? Kamar an sauya mishi riga."

"Sabuntawa ce, Yaya. Haka suke yi yanzu."

"Su dai ba su iya barin abu yadda yake," ta ce, ta jawo kujera ta hau dukan maɓallai.

Shi ke nan fa. Wallahi shi ke nan. Kwana biyun farko ta yi ƴan tsaki, wani maɓalli ya koma hagu, wani ya sauya launi, hannunta ya lalubo su ya riƙe. Ta buga takardun neman aiki, ta buga jarrabawar wata makaranta, ta buga katin suna har uku. Masu kawo kile cike da birus suka yi ta zuwa, tana sokawa tana cirewa, na'ura ko tari ba ta yi ba. Har ta fara yabona a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina cin ƙasa, tana cewa ashe kuɗin makarantar auta ba su tafi a banza ba.

Da sati biyu suka cika, malamin lissafi ya je da kansa, wai yana son a buga masa wasiƙa. Ya tsaya a bayanta yana leƙe, yana jiran ta rikice. Ta gama kafin ya gama gyara tsayuwa, ta kuma gyara masa kuskure biyu a Faransancinsa. Da la'asar ya zo fada, ya jawo murhu ya tsugunna. Ni kuwa na miƙe ƙafa a kan tabarma, na ce sukari ya yi kaɗan. Da ya ƙara na ce ya yi yawa. Na kira shi yaro, na ce ya wanke kofunan da kyau. Allah ya yafe mini, amma na ji daɗin kwanakin nan.

Aka gama girbi, aka tsayar da rana. Yaya ta buɗe katin da ta adana, ta cike gurbin rana, ta aika shi injin bugawa. Tana da wata ɗabi'a tun da, duk abin da za ta buga sai ta rubuta "1" a wurin shafi, don kada injin ya jawo mata farar takarda ta biyu a banza. Kati ya fito, ta sa a fotokopi, aka ninke, aka haɗa kowanne da goro da alawa, aka raba gari da ƙauyuka.

Bayan kwana uku wan ango ya shigo shago da fara'a, ina zaune. Ya gaishe da Yaya har da rusunawa, ya ce, "Hajiya, Allah shi saka da alheri. Mun ga kati. Wallahi kin girmama mu, kuma mun san ba abu ne mai sauƙi ba gare ki." Yaya ta amsa da amin, ya fita, ta dube ni ta ce, "Wanga kuma mi ya same shi?" Na ɗaga kafaɗa. Ni ma na ɗauka kyawun haruffa ne ya burge shi.

Washegari wani mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shago, ƙafafunsa jawur da ƙasar hanya. Ya miƙo ƙullin leda ya ce daga Lugu, wata tsohuwa ta ba shi. A ciki akwai katinmu, da goron, da alawar, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Ta ce a hwaɗa muku goron ya ɓata hanya. Gidan da anka kai shi ba ya cikin takarda."

Yaya ta warware katin, ta sa yatsa tun daga sama tana saukowa. Na ga yatsan ya iso ƙasa ya tsaya, ya koma sama ya sake saukowa. Layin ƙarshe gidan wani kawunmu ne na Tibiri. Ta juya bayan katin, fari fat. Ta buɗe na'ura, ta gangara ƙasan shafi, sai ga shafi na biyu wanda ba ta taɓa yi ba. A samansa layi ɗaya tak, gidan Gwaggo a Lugu, shi kaɗai cikin farar takarda.

Ni ina kallo na gane. Haruffan nan masu lanƙwasa na tsohon tsari ne, sun tafi tare da shi. Sabon da bai same su ba sai ya sa mafi kama da su a cikin nasa, masu ɗan faɗi kaɗan, faɗin da ido ba zai lura ba. A katin da ke da sarari ba komai. A katin da aka cika maƙil kuwa, kowane layi ya ɗan tura na gaba, har na ƙarshe ya faɗa waje. Na ce a raina bari mu ga ko za a ɗora wa na'ura.

Ba a ɗora mata ba. Amarya ce ta shigo da kwanon abinci a daidai lokacin, Yaya ta juyo kanta.

"Ke! Zo nan. Ke kinka taɓa katin ga? Don ki faranta ma dangin mijinki, tun ba ki shiga gidansu ba?"

Yarinyar ta saki baki. Ta rantse, Yaya ta ce rantsuwa ba wuya. Ta fashe da kuka, Yaya ma idonta ya kawo ruwa, tana cewa ita ta haifi wadda za ta ji kunyar Gwaggo. Nan fa na ga abin ya wuce shayi. Na miƙe na ce, "Yaya, ki bar ta. Ni ne."

Na faɗi komai, har da gardamar, har da malamin lissafi da murhunsa. Na yi zaton za ta wanke ni tas, na ma shirya. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi zagi ciwo. Ta ce, "Wato sati nawa ina zaune kana gwaji da ni kamar akuyar likita, kuna dariya a fada."

"Zan mayar miki da tsohon yau ɗin nan, Yaya."

"Kar ka taɓa mini. Shi aikinsa yake yi, bai yi mini ƙarya ba. Gyara katin."

Na rage girman haruffan da ɗigo ɗaya. Gwaggo ta dawo shafi na ɗaya. Gyaran bai ɗauke ni minti guda ba, kuma da na buɗe katin tun ranar da na yi aika-aikar da na gani. Yaya ta buga sabo, ta sa a leda da sabon goro, ta ɗora a tafin hannuna. "Kai ka tura ta, kai za ka tahi ka ɗauko ta."

Da sassafe na hau babur. Hanyar Lugu yashi ce, na faɗi sau biyu, kuma duk tsawon hanya ina tsara yadda zan bayyana wa tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba maganar faɗin haruffa. Na same ta a gindin bishiya a tsakar gida tana ɓarar wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta sa aka kawo mini fura, ta tambayi makaranta, ta tambayi faɗuwar da ta gani a gwiwar wandona. Maganar kati ko alama. Daga bakin wata maƙwabciya na ji cewa malamin makarantar garin ne ya karanta mata, a gaban mata, kuma ta sa ya maimaita sau biyu ko ya tsallake layi.

Na fara bayani. Na ce akwai abin da ke zaune a cikin akwatin Yaya wanda ba a gani, shi ke tafiyar da aiki. Na ce na fitar da na da, na sa wani.

"Kore wancan ka yi, ka saukar da baƙo?"

"Kusan haka, Gwaggo."

"Ka hwaɗa ma mai ɗakin?"

"A'a."

Ta ajiye waken ta yi dariya har tana share ido da gefen zane. "Kai auta! Mu da kuke ce ma jahilai, ko iska za mu saukar a gida sai mai gida ya sani. Kai da bokonka ka saukar da naka a ɓoye. To shi baƙon mugu na?"

Na ce ba mugu ba ne, yana da kirki ƙwarai, aikinsa ma ya fi na wancan. Hannun rubutunsa ne ya ɗan fi faɗi, shi ya sa wuri bai isa ba, na ƙarshe ya faɗo. Ta gyaɗa kai ta ce wannan ai ba wuya, ko tabarma in mai ƙiba ya zauna na bakin gefe ke sauka ƙasa. Wallahi ta fi malamin lissafi saurin ganewa. Na ciro sabon katin na karanta mata tun daga sama, na iso layinta na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Ta karɓi goron ta ɓare ta sa a baki. Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina an wuce wurin.

Ta jawo ƙwaryar waken ta ci gaba da ɓara. Ba ta dube ni ba ta ce, "Shi wancan katin, na hwarko, nawa kunka yi?"

"Ɗari uku."

"Injin ke ninke su?"

"A'a, da hannu."

"Hannun wa?"

Na ce ni, da Yaya, da amarya. Mun kwashe yini guda muna ninkewa muna hira.

"Ku duka ukun kun yi lakwal, kun iya karatu ko?"

"E, Gwaggo."

"To," ta ce. "Shi baƙon bai san ni ba."

Mu kuwa da muka san ta, kati ɗari uku sun bi ta hannunmu ba wanda ya lura babu gidanta. Na zauna ina taya ta ɓarar wake har rana ta yi tsaka, ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma.

Ta zo bikin. Ta zo da damen hatsi a amalanke da ƙwaryar amarya wadda ta yi wa zane da hannunta, ta sa albarka, ta gaisa da dangin ango cikin mutunci, har wan angon ya rusuna mata. Da yamma Yaya ta share ɗakinta ta shimfiɗa sabon zanen gado, don tun da aka kai Yaya gidan nan tana amarya, Gwaggo ba ta taɓa zuwa Dutsi ta kwana wani wuri ba. Gwaggo ta leƙa ɗakin ta yaba shimfiɗar, ta ce wata ƴar garinsu da ke aure bayan kasuwa ta riga ta yi mata wuri, ba daɗi a ƙi. Ta ɗauki ƙullin kayanta ta ɗora a ka. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da filo a hannu, ni kuma aka ce in raka Gwaggo in nuna mata hanya.